Bashin mutuwel: abin da nake rubutawa tun ranar da takarda ta iso

Tawa, Talata 11 ga Fabrairu 2025

Yau wajen hantsi ina cikin jera shambur wani saurayi mai farar riga da jakka ya tsaya bakin butik ya kira sunana har da na tsohona, abin da duk tasha babu mai kirana da shi. Na aza buji zai saya. Sai ya miƙo takarda da bik ya ce in sa hannu na karɓa. Daga wata kabine ta Yamai take, irin waɗanda aikinsu kawai bin bashin da aka ƙi biya, mutuwel ɗin da na ci ma bashi, wato gidan ajiya da ba da bashi, ta gaji da ni ta miƙa musu dosiyena. Faransancina na CM2 ne amma lamba ba ta buƙatar lakwal: 793.500 sefa, cikin kwana 8. Yaron gareji yana kallo, mai shayi yana kallo, na ninke ta huɗu na sa aljihu kamar katin biki.

Daga yau duk abin da ya faru kan maganar nan zan rubuta shi da kwanan wata, don rashin rubutu na cikin abin da ya kai ni nan.

Ga yadda abin yake. Watan Mayu 2023 na ɗauki miliyan 1 da jika 200, biyan wata 12, jika 112 kowane wata, duka 1.344.000. Yayan maman yara shi ya tsaya mini ya sa hannu. Rabin kuɗɗin na haɗa da wasu abokan kasuwa biyu munka yi komand ɗin taya da sarƙa ta Kwatano. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, kwana huɗu bayan nan CEDEAO ta sa takunkumi, aka ruhe Gaya aka ruhe Ƙonni, kayanmu sunka kwanta can ƙetare wata da watanni, daga baya sai da anka zagaya da su ta Lome da Burkina cikin ayarin motoci da rakiyar soja, kuɗin mota ya cinye riba har ya taɓa uwar kuɗi. Na biya wata 6 daidai, jika 672 ke nan, daga Disamba na fara tangal-tangal. Cikin 2024 na kai jika 50 sau biyu gishe, resi suna nan. Sai jika 60 da na ba yaronsu mai zagayawa da moto, nan bakin butik, ya ce karnenshi ya cika gobe zai kawo resi, goben nan har yau ba ta waye ba. Bayan nan na daina ɗaukar wayarsu gaba ɗai, in na hango moton su in shige gareji kamar ina neman kile. Wannan kam laihina ne babu wanda zan ɗora ma.

A lissahina jika 512 ya rage. A nasu 793 da rabi. Ban faɗa ma kowa a gida ba, na ci tuwo loma uku na ce ciwon kai.

Alhamis 13 ga Fabrairu

Waya tun ƙarhe 7. Lambobi uku daban-daban, murya ɗaya. Ya ce shi ne wakilin kabine nan Tawa, in ban kawo kuɗɗi ba ran Laraba za su zo da mota su kwashe butik tas, in na yi gardama jandarma na nan. Na ce Mushe ka yi hanƙuri, ya ce hanƙuri ba ya shiga kes.

Abin da nake gudu shi ya faru, sun kira Yaya. Bayan magariba ya zo, bai shiga cikin gida ba, ya ce in hito da tabarma waje. Malamin lakwal ne, albashinshi ta banki yake bi, an ce mishi in ban biya ba shi za a kama tunda shi ya sa hannu. Da ya zage ni da na hi samun sauƙi wallahi. Cewa ya yi kawai, wane, shekara guda muna haɗuwa masallaci da wajen suna kana gaishe ni, ba ka taɓa ce mini ga halin da ake ciki ba, sai baƙo ya faɗa mini ta waya ina gaban ɗalibai. Na ce Yaya kunya ce. Ya ce to yanzu wadda ta hi ta ta zo.

Maman yara tana bayan ƙyaure ta ji komi. Ba ta ce uffan ba sai da dare ya raba, ta ce Baban su nawa ne, na faɗa mata, ta ce innalillahi, ta juya.

Lahadi 16 ga Fabrairu

Yau na ɗan samu numfashi. Yaya ya kai ni wajen wani dattijo da suke fada ɗaya, tsohon garafiye ne, wato magatakardan kotu, ya yi shekaru a jistis kahin ya yi ritaya. Munka ishe shi bakin ƙofa ana ta shayi, ranar kasuwa gari ya cika da ƙura. Ya sa tabarau ya karanta takardar sau biyu, ya juya bayanta, ya ɗaga ta sama kamar mai duban jika goma ko ta jabu ce, sannan ya ce ɗana wa ya ce maka wannan takardar alƙali ce?

Bayanin da ya yi mini zan rubuta shi yadda na gane, don da na san shi tun ran Talata da na yi barci. Kabine ɗin bin bashi ba kotu ba ce, ba wisiye mai zartar da hukuncin kotu ba ce, 'yan aike ne na mai bashi. Suna iya kira, su rubuto, su zo su yi magana, amma ko buji guda ba su da ikon ɗauka. Kahin a taɓa kayan mutum sai mai bashi ya je gaban alƙali ya samo takardar umurnin biya, wisiye ya kawo maka ita hannu, daga ranar kana da kwana 10 ka je ka ce ba ka yarda da lissahin ba. Ya ce da kwana 15 ne, dokar OHADA, ta kasuwanci wadda ƙasashen Afirka da dama sunka haɗu kanta, da anka sabunta a Kinshasa cikin Oktoba 2023, ta fara aiki 16 ga Fabrairu 2024, ita ta maida shi 10, kuma nan ne mutane ke faɗawa, su karɓi takarda su sa ƙarƙashin katifa suna jiran Allah ya kawo kuɗɗi har kwanakin su wuce. In sun wuce shi ke nan ta zama hukunci. Ko a nan ɗin ma sai wisiye ya sake kawo takardar gargaɗi ta kwana 8 kahin ya zo rubuta kaya, ba ya zuwa kahin 8 na sahe ko bayan 6 na marece, ba ya zuwa ran Lahadi ko ranar hutu sai da izinin alƙali, kuma bayan ya rubuta kana da wata guda ka saida kayan da kanka kahin a yi gwanjonsu. Alƙali kuma in ya ga halin da kake ciki yana iya jinkirta maka biya ko ya rarraba maka shi, har zuwa shekara guda.

Na ce Baba to jandarma hwa? Ya yi dariya ya ce rashin biyan bashi maganar sibil ce, amma kada in kuskura in ɓoye ko in saida kayan da wisiye ya riga ya rubuta, wannan kam sai gidan kaso.

Sai ya sa yatsa kan layin ƙarshe. Sun rubuta saura 572.000, tarar latti 118.000, sai kuɗin wahalarsu su 'yan kabine, kashi 15, 103.500. Ya ce wanga na ƙarshe ba naka ba ne. Dokar ta ce kuɗin da anka kashe wajen bin bashi kahin a samu takardar kotu, kan mai bin bashin yake, sai in alƙali ya ga da gangan ka ƙi biya ya ɗora maka. Wanda ya ɗauki ɗan aike shi ka biyan shi.

Na so ya ce ruwan da sunka ɗora mini tun farko ma ya wuce ƙa'ida, ya ɗauki bik ya yi ta bugawa bayan kwalin shayi, ya ce a'a, iyakar da ministocin kuɗi na ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa sunka sa ma irin waɗannan gidaje kashi 24 ce a shekara, nawa yana ƙasa da 24, kada in ɓata bakina a nan. Tarar latti kuma tana cikin kwantaragin da na sa ma hannu ban karanta ba, sai dai roƙo. Kuma ya ce kada abin da ya faɗa ya sa ni girman kai, bashin gaskiya ne, in sunka je kotu za su ci, kuɗin wisiye ya hau kaina, Yaya ma a jawo shi. Je ka same su da ƙafarka, kada su riƙa samunka.

Laraba 19 ga Fabrairu

Ranar da anka ce mota za ta zo. Na buɗe butik ƙarhe 8 gabana na faɗuwa duk da bayanin Baba, babu motar da ta zo. Ƙarhe 10 na bar ma yaro na tahi mutuwel, shekara guda rabona da ƙofar nan. Mai gadi ya gane ni har ya tambayi yara. Madam shef ɗin ajans ta ce dosiye ya bar hannunsu in je kabine, amma ta yarda ta buga mini takardar duk abin da na zuba tun farko da tampo. Jika 50 biyu suna ciki. Jika 60 babu. Na tambayi yaron mai moto, ta ce ya bar aiki tun bara, yadda ta faɗe shi tana kallon kwamfuta na gane ba da daɗi ya bari ba.

Biron kabine ɗaki guda ne da tebur da fanka. Mushen da ke ruri ta waya ashe ɗan siriri ne, bai kai ni shekaru ba, yana cin biredi da mayonez. Na ce na zo biya amma a rubuce nake son lissahin, layi-layi, da takardar da ta nuna mutuwel ta wakilta su. Ya dube ni ya ce wa ya aiko ka. Na ce Mushe ni na aiko kaina. Ya ce in dawo mako mai zuwa sai ya yi magana da Yamai.

Laraba 26 ga Fabrairu

Awa biyu da rabi. Na tahi da Yaya, da fotokopin resi, ainihin suna gida cikin kwanon maman yara, Baba ya ce kada in taɓa ba kowa na ainihi. Farko ya ce kashi 15 ba ya taɓuwa, haka ake yi ko'ina. Yaya ya ce to a rubuta mana lambar dokar da ta ce mu za mu biya, mu kuma mu kawo tamu. Ya hita waje da waya ya daɗe, ya dawo ya ce patoron ya yi mana alfarma an cire. Na so in ce ba alfarma ba ce, Yaya ya taka mini ƙafa ƙarƙashin tebur. Da gaskiyarshi, mi ruwana da sunan da sunka ba abin tunda jika 103 da rabi ta sauka.

Tarar latti nan munka sha rana. Na ba shi labarin kayan Kwatano, ya ce kowa labarin iyaka yake kawowa. Na ce to ai kowa iyakar ta ruhe ma. Ƙarshe anka kira Madam, ta ce in zan zuba wani abu mai kauri farko za su yahe rabi, 59.000. Jika 60 kuma babu resi babu magana.

Abin da munka sa ma hannu: 631.000. Jika 150 ran 10 ga Maris, sannan jika 60 duk 10 ga wata har Nuwamba, na ƙarshe 61. Akwai layi guda mai kaihi, in na tsallake wata ɗaya duk yarjejeniyar ta rushe a koma tsohon lissahi. Na nace anka ƙara abu biyu da hannu, kowa ya sa hannu gehe: biya a gishen mutuwel kaɗai, ba hannun kowa ba, kuma in na kawo shaidar jika 60 za a cire ta. Kwafi uku, nawa da tampo.

A hanya Yaya ya saya mini ruwan sanyi. Tun ran 13 sai yau ya kira ni da sunan da yake kirana.

Litinin 10 ga Maris

Azumi, zahi ya fara. An zuba 150. Ƙanena da ke bida Abijan ya turo 70, na daɗe ina riƙe da waya kahin in iya roƙonshi, ni da ya kamata in tura ma tsohuwa shi ke turo mini. Maman yara ta roƙi uwar adashe anka ba ta kwasar wannan wata, 50. Ni 30. Saura 481.

Malam ya taɓo maganar bashi wajen tafsiri jiya, ya ce ayar da ta hi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, kan rubuta bashi take da kafa shaidu, kuma kusa da ita ne anka yi maganar riba da jinkirta ma wanda ke cikin matsi. Na sunkuyar da kai kamar da ni kaɗai yake. Maganar ruwa tana damuna tun ranar da na ɗauka, ban da abin cewa sai Allah shi yahe, in na hita daga wanga ba na komawa.

Da dare na ɗauko kayen butik, na bashin da nake bin mutane, na haɗa. Jika 208 wajen 'yan kabu-kabu da masu gareji, mutum 37, wani buji biyu wani taya, wani tun 2023. Na zauna ina kallonshi. Ashe ni ma mutuwel ne, kabine ce kawai ban da.

Alhamis 10 ga Afrilu

60. Saura 421. Daga kaye na tattaro jika 31 cikin wata guda, kuma na gano abin da ban so ba, muryar Mushe tana hitowa daga bakina. Wani yaro da nake bi jika 4 da rabi ya hango ni ya juya moto da fasinja a baya, na bi shi da ihu har mutane na kallo. Da na koma butik sai na tuna gareji da kile. Na canza dabara, dala ɗari kullum, wato 500, duk wanda ya wuce ya aje in rubuta gabanshi ya gani. Ta hi kawo kuɗɗi nesa ba kusa ba.

Talata 22 ga Afrilu

Kai yau abin mamaki. Muna hira da yaron gareji kan jika 60, sai ya ce ai patoron ranar ina nan, kuma in ban manta ba da dare ya yi maka bokal a WhatsApp kana saurare muna ji. Ni na manta sam. Wayar lokacin wata tsohuwar Tecno ce da gilashinta ya fashe na jefa cikin kwalin tsoffin kaya, lambar ma na canza saboda su. Na zazzage kwali uku, na same ta ƙarƙashin tsoffin sarƙoƙi duk baƙin mai. Na kai ma mai gyaran waya cikin kasuwa, ya ce gilashi jika 6, na ce ba na son gilashi murya guda nake so, ya ce ai sai an gani ake taɓawa. Ya ɗaura mata wani na aro da waya a waje kamar marar lahiya da ƙarin ruwa, ta kawo haske, munka yi ta gangarawa cikin saƙonnin 2024 da gaisuwar Juma'a da hotunan suna, sai ga shi, 14 ga Mayu, sakan 19. Muryarshi tas: Malam na karɓi jika sittin ɗin nan, gobe in sha Allah in kawo maka resi, ka yi hanƙuri karne ne ya cika. Mai gyara ya ce a sake, munka sake har sau huɗu, wani mai jiran caja ya ce Allahu akbar bai ma san zancen ba. Na biya jika guda, an tura ta wayoyi uku, tawa da ta Yaya da ta maman yara.

Litinin 28 ga Afrilu

Madam ta saurara sau biyu, ta duba lambar, lambar aiki ce da su sunka ba shi. Ta yi shiru, ta ce ba ni ne na farko ba. Na ce Madam to waɗanda ba su da bokal hwa? Ba ta amsa ba, ta ce in rubuto takarda, Yaya ya rubuta mini nan take kan benci. Mushe bai ji daɗi ba, na lura kasonshi daga abin da anka karɓo yake hitowa, duk jikar da ta sauka daga kaina ta rage mishi wani abu, shi ya sa ruri. Har na ɗan tausaya mishi, kaɗan dai.

Juma'a 9 ga Mayu

Takardar gyara ta hito, an cire 60. Na zuba na wanga wata tunda 10 Asabar ce. Saura 301, kuma ƙarshe ya dawo Oktoba.

Litinin 2 ga Yuni

Jiya na kai ragon da maman yara ta turke tun bayan damana kasuwar Lahadi. Da shi za mu yi layya, yara har suna sun sa mishi. An saya jika 135 bayan dillali ya ci nashi. Ƙaramar ta yi kuka har ta yi barci, bana sai abin da maƙwabta sunka aiko.

60 na aje ma ran 10, saura zai koma 241. Sauran 75 na ɗauka na tahi wajen Alhajin da nake ɗaukar kaya gare shi tun ina yaron shago, ina da jika 185 nashi tun kahin takunkumi, babu takarda babu sa hannu, bai taɓa aiko ko yaro ba, kuma shi ne na bari baya don ba ya ruri. Wannan abin ya daɗe yana cina. Na durƙusa na gaishe shi na aje kuɗɗin, ya ce mi ne ne wannan, na ce Alhaji somin-taɓi ne a yi mini aikin gafara. Bai ƙirga ba ya tura ƙarƙashin darduma, ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa, abin da ya ɓata mini rai ka daina biyowa ta layin nan ne, har na aza wani abu na yi maka. Na hiddo kaye na ce don Allah a rubuta saura 110 ya sa hannu, ya yi dariya har da tari ya ce yaushe ka zama nasara, amma ya kira ɗanshi ya rubuta. Kuma ya ba ni kwali biyu na buji da shambur 20, in saida in kawo.

Alhamis 10 ga Yuli

60. Saura 181. Ruwa ya sauka, hanyoyin ƙauye sun ɓaci, sarƙa da taya na tahiya sosai. Mushe bai kira ba tun Mayu.

Alhamis 7 ga Agusta

Watan nan ya zo da nashi. Masassara ta kama yara biyu mako guda, ƙaramar har sai da anka kwantar da ita kwana uku, magani da ƙarin ruwa da zirga-zirga sun ci jika 40 da wani abu cikin abin da na tara. 35 ke hannuna, 10 ga wata kuma Lahadi ce, gobe ke nan ko babu. Daren jiya tsohon halin ya dawo mini, zuciya na cewa kashe waya kwana goma ka haɗa ka kai, wa zai sani. Layin nan mai kaihi shi zai sani, 793 ta dawo.

Na ɗauki ordonans da resin farmasi na tahi tun kahin ranar. Mushe ya ce yarjejeniya yarjejeniya ce. Na ce na sani shi ya sa na zo yau ban bari sai Litinin ba. Munka je wajen Madam tare, ta duba biyan wata biyar babu latti ko na yini, ta rubuta bayan kwafina: an karɓi 35, cikon 25 kahin 25 ga wata, yarjejeniya na nan, tampo. Minti goma. Shekara guda na yi ina ɓuya a gareji saboda abin da minti goma ke gyarawa, na hito ina jin haushin kaina hiye da murna.

Litinin 25 ga Agusta

Cikon 25 ya shiga tun ran Juma'a. Saura 121. Ƙaramar ta warware tana ta cin gyaɗa.

Laraba 10 ga Satumba

60. Saura 61, wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Na biya wajen Baba garafiye da sukari da ganyen shayi. Ya ce kada in yi rawa tukuna, ranar biyan ƙarshe kada in bar gishe sai da takardar da ta ce an gama babu saura, da sunan Yaya a ciki cewa an sake shi, daga mutuwel ɗin kanta ba daga kabine ba. Kuma akwai biron da ke tattara bayanin masu cin bashi na ƙasashen UEMOA, bankuna da manyan mutuwel suna aika sunaye can, in roƙi Madam a gyara nawa ya nuna an biya, ina da haƙƙin ganin abin da anka rubuta kaina. Na ce Baba ni da bashi ai har abada, ya ce duk haka kuke cewa, kai dai karɓi takarda.

Na Alhaji saura 70. Adashen maman yara ina zuba mata jika 5 duk mako, ƙanena ya ce in na ƙara tada maganar 70 ɗinshi zai toshe lambata, amma na rubuta ta cikin kaye. Kayen butik ya sauko jika 96, mutum 19, cikinsu akwai uku da na ji sun tahi Aljeriya, ban san ko in soke su ba ko in bari. Yaron nan na jika 4 da rabi ya gama biya tun Yuli, ɗazu da marece ya zo yana son taya ta baya, jika 9, yana da 3. Na ba shi, na juya mishi kayen ya rubuta da hannunshi, ya ce patoron ban iya rubutu ba, sai munka shafa mishi baƙin mai a babban yatsa ya dangwala.